Talatar Baba Direba

"Ba inda za ka je, Baba. Na gama magana."

"Ka gama magana? Ni na haife ka, ko kai ka haife ni?"

Baba Direba na tsaye bakin ƙofa, da takarda nannaɗe a hammata. Shekara talatin ya yi yana tuƙa jirgin ƙasa. Da ya yi ritaya sai ya shiga wani aji da tsofaffin ma'aikata suka haɗa da kansu a ɗakin karatu na unguwa. Ba malami, ba albashi. Kowace Talata mutum ɗaya ke tsayawa gaban allo ya koyar da abin da ya sani. Su arba'in ne, layi ba ya zagayowa sai bayan wata tara. Yau nasa ne. Sati uku ya yi yana zana birkin jirgi.

Babban ɗansa ya tare ƙofa. "Wancan satin ka yi tuntuɓe a matakala. In ka karye fa? Ga abinci, ga talabijin. Wane karatu kuma da furfura? Jarrabawa za ku rubuta?"

"Mutane na jira na."

"Su jira."

Tsohon ya juya. Ya koma ɗaki.

Bai ƙara tada maganar ba. Ɗan ya ɗauka ta wuce. Shugabar ajin, wata tsohuwar ungozoma, ta zo sau biyu, aka ce mata yana barci. Kullum da safe kowa ya fice aiki, a bar shi da talabijin. Ya daina aski. Ya daina tsokanar jikarsa da "amaryata".

Da layinsa ya sake zagayowa, ungozoma ta ƙi tsayawa a ƙofa, ta kutsa har ɗaki.

"Direba, tashi mana, fasinja sun cika!"

Ya ɗaga kai a hankali. "Baiwar Allah, wa kike nema?"

Da ɗan ya kai shi asibiti, likita ya ce ciwon mantuwa ne. Da ma yana tafe, amma zaman kaɗaici ya ƙara masa gudu. Abin da ya tafi kuma ba zai dawo ba.

Jama'a, ci da sha ba su ne kaɗai kula da tsoho ba. Duk wanda ya raba shi da mutane da abin yi, ko da sunan tausayi ne, ya cuce shi.

Likita ya ajiye biro, ya dubi ɗan.

"A wata taran nan, da wa yake hira?"