Katin da Ya Kwana Sati Uku a Aljihun Tebur

Tunda an ce mana tsautsayi ne, bari mu auna kalmar da misali, mu ga ko ta cika mudu.

Akwai wani mai gyaran kwamfuta da ke kula da na'urorin wata cibiyar rubuta jarrabawa. A cibiyar akwai babbar na'ura guda, uwar garke, wadda duk sauran kwamfutocin zauren ke ɗaukar tambayoyi daga gare ta, su kuma mayar mata da amsa. Da aka ƙara kujeru sai uwar garken ta fara nishi. Mai gyara ya ce a sayo mata ƙarin kati, wani ɗan allo mai faɗin tafin hannu da ake sokawa a gurbinsa cikin na'urar, don ta iya ɗaukar ƙarin wayoyi. Aka sayo. Ya roƙi mai cibiya ya ba shi yini guda ya kashe na'urar, ya sa katin, ya gwada shi. Mai cibiya ya ce ba yau ba, masu rajista suna layi. Mai gyara ya dawo, aka ce ba gobe ba. Sau huɗu yana zuwa da sukundirebarsa yana komawa da ita. Katin nan ya yi sati uku a aljihun teburin mai cibiya, tare da goro da makullan mota. Sai ranar da malaman firamare ɗari biyu suka cika harabar don jarrabawar ƙarin girma, wasu tun asuba suka baro ƙauyukansu, sannan aka tuna da shi. Mai gyara ya buɗe na'urar, ya ɗauko kati, sai ya ga ba zai ɗauru ba. Kowane kati yana da ƙarfe a goshinsa wanda ake ɗaure shi da noti a jikin na'ura. Na jikin wannan dogo ne, uwar garken kuwa gajere take ɗauka. Gajeren yakan zo daban, cikin 'yar leda a ƙasan kwali. Ya ce, “Alhaji, ina kwalin?” Mai cibiya ya ce, “Kwali kuma? Kati na saya ko kwali? Na ba maigadi. Kai dai soka shi haka nan, Injiniya, mutane na jira.”

A nan mai gyara ya yi nasa laifin, ba za mu ɓoye masa ba. Ya san katin da ba a ɗaure ba kamar haƙori ne mai girgiɗi. Amma ya leƙa ta taga ya ga dattawa a rana riƙe da takardunsu, ya ji mai cibiya yana huci a ƙeyarsa, sai ya kwance dogon ƙarfen, ya danna katin tsirara cikin gurbi, ya soka wayoyi huɗu, ya kunna. Fitila ta yi kore. Aka shigar da mutane, aka fara. Shi dai bai zauna ba, yana tsaye yana kallon wayoyin nan masu nauyi suna rinjayar katin a hankali, ba shi da ikon taɓawa tunda na'ura na aiki. Minti arba'in da farawa, katin ya ɗaga daga gurbinsa da abin da bai kai kaurin farce ba. Zaure ya yi tsit, kowane allo ya daskare, amsoshi suka bi iska. A layin gaba akwai wata malama da wata takwas suka rage mata ta yi ritaya, jarrabawar kuwa sau ɗaya ake yin ta a shekara. Ba ta yi kuka ba. Ta cire tabaronta, ta naɗe cikin gyale, ta tambaya ko za a sake. Mai cibiya ya fito yana tafa hannu, ya ce tsautsayi ne, kuma ba ya wuce ranarsa. Da aka matsa masa, sai ya nuna mai gyara da baki ya ce ga wanda ya taɓa na'urar. Bayan kowa ya watse, mai gyara ya bi ta ɗakin maigadi zai fita, ransa kamar garwashi. Ga gajeren ƙarfen nan, sabo fil, an tokare taga da shi don kada iska ta rufe ta.

To, a daina zagin kalma. Tsautsayi shi ne abin da ya faɗo wa mutum ba tare da ya gan shi tafe ba. Abin da aka yi maka gargaɗinsa sau huɗu, ka ajiye shi sati uku kusa da goronka, sunansa sakaci, kuma sakaci yana da mai shi. Wajibi ne mai shi ya je da ƙafarsa ya nemo wa mutanen nan wata rana kafin malamar ta bar aiki, ya rubuta musu ban haƙuri da sa hannunsa, ya kuma faɗa a gabansu cewa mai gyara ya nemi yini guda an hana shi. Ƙasa da wannan ba gyara ba ne.

Tun kafin a san kwamfuta Bahaushe ya gama magana: ba a fafe gora ranar tafiya.