Ruwan da Ya Biyo ta Kwazazzabo

Masu cewa ƙaddara ce kawai, ku saurari wannan misali, kuma kada kowa ya sa baki sai an kai aya.

An yi wani mai gyaran keke a wani gari da ke gindin tsauni. Shekara goma sha shida shi ke jan ayarin masu hawan tsaunin da keke. Shi ne a gaba da usur a wuya, in ya busa a tafi, in ya sake busawa a tsaya. Wata shekara, a farkon damina, ƙungiyarsu ta sa ranar babban hawa. Aka gayyato mahaya daga garuruwa uku, aka buga riguna, matan ƙauyen da ke can bisa suka ce za su dama fura su jira. Hanyar kuwa ɗaya ce: dole a bi ta cikin wani kwazazzabo, busasshiyar ƙorama mai rairayi tsakanin duwatsu biyu, tafiyar rabin sa'a, babu mafita dama, babu hagu.

Ranar, gari ya waye tas, amma jagoran ya kasa zama. Ya ɗauki famfo ya ajiye. Ya matsa tayar da ya riga ya matsa. Ya fita bakin titi, ya dawo, ya sake fita. Can gabas, a kan ƙololuwar tsaunin, wani baƙin hadari ne da bai fi faɗin tabarma ba, ya tsaya cik, ba gaba ba baya. Iskar da ke gangarowa tana ɗauke da sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya kasa kunne, ya jiyo cida can nesa kamar ana mirgina turmi a ɗaki. Sannan ya hangi wani makiyayi yana koro shanunsa daga bakin kwazazzabon tun hantsi bai dubi ludayi ba, alhali nan ne ciyawa ta fi yawa. Ya san in ya ce a fasa, baƙi sun yi tafiyar banza, fura ta yi tsami, in kuma ruwan bai zo ba ya zama abin dariya har ƙarshen ransa. Sau uku yana nufar shugaban ƙungiya yana juyowa kafin ya iya buɗe baki.

"Shugaba, a ɗaga hawan nan zuwa gobe. Ana ruwa a bisa."

Shugaban ya ɗaga kai ya dubi sama, ya miƙo masa waya. "Baba, ga shi nan, an ce babu ruwa a garin nan yau. In ma ya zo, kowa da rigar ruwansa a jaka."

"Wayarka garin ta sani. Ba ta san tsauni ba."

Wani daga cikin baƙin ya ce, "Baba, in gwiwa ce ta gaza ka faɗi gaskiya, sai mu goya ka a kariyar keke!"

Aka bushe da dariya. Aka zare usur daga wuyansa aka rataya wa wani. Mutum ashirin da bakwai, har da masu digiri, babu ɗaya da ya ce masa, me ka gani? Tambaya ɗaya tak! Kowa saman da ke bisa kansa ya duba, ya ga rana, ya hau keke.

Jagoran ya koma rumfarsa, zama ya gagara. Ya kwance igiyar guga daga bakin rijiya, ya saɓa a kafaɗa, ya bi turbar awaki da ke bayan dutsen, yana hawa yana haki, tsakuwa tana zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Yana isa gaɓar kwazazzabon ya hango su can ƙasa, jere a kan rairayi, suna ta raha. Sai ya ji rugugi. Ya waiga, ga ruwa nan ja jawur yana gangarowa, da kumfa da rassan itace a gabansa, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. Ruwan da aka yi a ƙololuwa tun da safe ne, yanzu ya iso. Babu abin busawa a wuyansa, sai maƙogwaro.

"Ku yar da kekunan! Ku kama dutse!"

Ya yi ta ihu har muryarsa ta dishe. Masu ƙarfi suka haye da rarrafe, sauran ya jefa musu igiya aka jawo su ɗaya bayan ɗaya. Keke goma sha tara ruwa ya tafi da su. Mai maganar goyo kuwa, kututture ya make shi ya karye a cinya, a bayan jagoran aka sauko da shi. Duk wannan, rana na ƙwallewa, ko ɗigo bai taɓa kan kowa ba.

Da aka taru bayan la'asar, shugaban ya ce, "Ƙaddara ce," aka shafa fatiha aka watse. Ƙaddara gaskiya ce, babu mai ja. Amma wanda ya ƙaddara ruwan, Shi ya aiko da cida, Ya aiko da makiyayi, Ya kuma ba su mutumin da ya iya karanta su. Wanda aka yi wa dariya a bainar jama'a, a bainar jama'a ake ba shi haƙuri, ba a soro ba, ba ta waya ba. Kuma a rubuta a dokar ƙungiya, baƙi da fari: ranar da masanin hanya ya ce a fasa, an fasa, ko da rana na fasa dutse. Wanda bai gane ba har yanzu, magabata sun riga sun gama magana: hadarin ƙasa, maganin mai kabido. Kabido dai rigar ruwa ce ta kaba, ruwan sama take tarewa, ba wanda ya biyo ta ƙasa ba.