Faifan Yaya

Auta ta sake tsintar faifan kwamfuta a kwandon shara, an karya shi gida biyu, sai ta ce a ranta lallai akwai wata a ƙasa.

Shagon gyaran kwamfuta na yayanta ne, a hannunsa ta koyi aikin, kuma tun tasowarta ba ta san shi da ɓoye-ɓoye ba. A 'yan watannin nan ne ya tsiri wani aiki na ƙashin kansa. Ya sauko da babbar manhajar nan ta kyauta, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya sauya yadda ya ga dama. Ya cire wannan, ya ƙara wancan, ya ɗora a faifai, in bai yi masa ba ya karya ya sake. Irin faifan nan ne da ake tayar da kowace kwamfuta da shi, a yi abin da za a yi, a cire, ba a bar ko alama ba.

Rashin alamar nan shi ya tsaya mata a rai.

In yana aikin, kifewa yake a kan allon kamar zai shige ciki, ba mai ganin komai ta bayansa. Da ta tambaya, ya ce kayan aiki ne kawai yake haɗawa, ya ɗauko wani zancen.

Da faifan ya kammalu, duk kwamfutar da aka kawo sai ya fara zura mata shi, ya toshe kunnuwansa da abin saurare, yatsunsa na gudu a kan madannai. Alhali asirin mutane ne a cikin kwamfutocin: takardun lauya, bayanan mai kantin magani, hotunan iyali. Aikin darma da ƙananan sukurori kuwa ya sakar mata, yana dariya wai yanzu ya zama oga. Ya jingine babur ɗinsa, wani mutum da ba ta sani ba ya riƙa zuwa da mota yana ɗaukarsa. Har surukinsa ya kawo ƙorafin sun haɗu a hanya ya wuce shi ba ko gaisuwa.

Rannan sai ga lauyan ya shigo a fusace, ya ce wasu takardunsa sun fita waje, kuma nan kaɗai ya taɓa kawo kwamfutarsa. Yaya ya rantse masa ba daga shagon ba ne, amma har aka gama maganar bai haɗa ido da shi ba. Auta ta shiga juya maganar a ranta. In da gaske ne, sunan shagon ya ɓaci, kuma ɗan'uwanta da ya raine ta zai iya ƙarewa a gidan yari.

Da rana Yaya ya fita cin abinci. Ta zaro faifan daga aljihun jakarsa, ta zauna a kujerarsa, ta zura a kwamfutar shagon. Ta ƙudura in ta ga abin kwashe bayanan mutane, za ta karya faifan a gabansa, ta bar masa shagon.

Allon ya kawo, babu hoto, babu ado. Ba ta sa abin saurare ba, don haka wata murya ta fito ta lasifika tana karanta abin da ke rubuce, layi bayan layi. Ta danna harafi, muryar ta faɗi harafin. Ta bi kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, duk na gyara ne da ta sani, muryar na biye da ita.

Inuwa ta faɗo a kan teburin. Ta ɗago a tsorace, tana neman abin da za ta ce.

Yaya ne a tsaye dab da ita, hasken rana ya cika shagon, idanunsa a buɗe a kan fuskarta.

Ya ce, "Wane ne a kujerata?"