Azurfar Mubaraka

Mubaraka ta sake zura abin wuyanta cikin kofin ruwan, tana riƙe da zarensa. Oh, yau ga ikon Allah! Lissafin ya ƙi fita.

Aikin ba wuya. Malamin kimiyya ya ce kowa ya zo da wani ƙarfe daga gida: ka auna shi a sarari, ka auna shi cikin ruwa, ka raba nauyin farko da abin da ruwa ya rage. Lambar da ta fito ita za ta faɗi ko wane ƙarfe ne.

Ita kuwa tun safe ta cika aji da baki. Ɗan dunƙulen nan azurfa ce tsantsa, in ji ta, kuma shi kaɗai uwarta ta bar mata. Gwaggo ce ta rataya mata shi tun tana rarrafe, lokacin da suka baro Kurya Madaro suka dawo Kaura Namoda. Ba hoto, ba zane, sai shi.

Azurfa goma da rabi take bayarwa. Nata ya haura sha ɗaya.

Ta canza ruwa, ta canza zare. Ta sosa tsohon tabon kafaɗarta, kamar kullum in ta ruɗe. Ta sake aunawa. Yana nan inda yake.

Malam ya karɓa, ya danna farce, sai ga shatar farcen ta kwanta.

"Lissafinki daidai ne. Darma ce."

Aka kwashe da dariya. Mubaraka ta karɓe abinta. Ko kallon ƙawayenta ba ta yi ba, ta tsare keke napep sai gida, tana ta kitsa maganar da za ta yi. Ashe uwarta ba ta bar mata komai ba ke nan?

Ta iske Gwaggo tana tankaɗe. Ta jefa abin cikin faifai.

"Gwaggo, don mi kika ce min azurfa ce? Darmar banza!"

Gwaggo ta ajiye rariya. Ta tsame shi daga cikin garin, ta goge da bakin zane, sannan ta ɗora yatsa daidai kan tabon nan.

"Ba ta banza ba ce, ɗiyata. Ranar da 'yan bindiga suka shigo, kina goye, uwarki ta juya ta ba su ƙirjinta. Wanga harsashi ya ratsa ta har ƙarfinshi ya ƙare, sannan ya tsaya nan."