Mai Lambu da Zomayen Fadama

Ɗana, tunda ka ce zomaye sun hana ka sakat a lambu, zauna in ba ka misali.

An yi wani mai lambu a bakin fadama, yana noman kabeji da latas da karas. Wata shekara ya yi dashe ya kama da kyau, sai zomaye suka gano wurin. Kullum ya fito da sassafe sai ya tarar an gwaigwaye masa layi guda har ƙasa, babu abin da ya rage sai kututture da kashin zomo a warwatse. Tsoro ya kama shi, domin lambun nan shi ne abincin gidansa, ga matarsa da ciki wata bakwai, cikin da suka shekara tara suna roƙon Allah. Wani dattijo da lambunsa ke maƙwabtaka da nasa ya ga halin da yake ciki, ya koya masa abin da shi yake yi. A daka barkono da tafarnuwa da ganyen darbejiya, a jiƙa su kwana biyu, a tace, a tsoma tsintsiya a yayyafa wa ganye. A zuba toka a kewaye shuka, a toshe kafofin shinge da ƙaya. Ya ce masa zomo da hanci yake kiwo, in ya sansana ya ji yaji sai ya juya, amma sai an riƙa maimaitawa, don ban ruwa yana wanke shi. Mai lambu ya yi hakan mako biyu. Ɓarnar ta ragu ƙwarai, sai dai ba ta ƙare ba, ga hannuwansa suna raɗaɗi, idanunsa kullum jawur saboda dakan barkono. Rannan ya makara bai yayyafa ba, washegari ya tarar an cinye masa kabeji ashirin. Ransa ya ɓaci. Ran kasuwa ya sayo guba a ƙullin leda, irin wadda ake cewa ko kare ya lasa ba ya kai ƙofa. Ya yanka karas, ya barbaɗe shi da ita, ya tura ƙarƙashin shinge inda zomayen ke kurɗawa. Bai gaya wa dattijon ba don kunya, bai gaya wa matarsa ba don bai ga abin faɗa a ciki ba.

Da gari ya waye ya ɗora kayan lambu a keke ya tafi cikin gari. Matar ta sauko fadama da hantsi don ta tsinki ganyen miya, sai ta ga ƙaton zomo a gindin shinge yana tangaɗi, ya kasa gudu. Ta ɗauka wani ne ya jefe shi. Ta kira wani mai wucewa ya yanka mata, ta kai gida tana murna, don ta kwana biyu tana kwaɗayin nama. Da azahar mai lambu ya dawo. Tun daga zaure ya ji ƙanshi, da ya shiga tsakar gida ya ga fatar zomo a shanye a kan danga, ƙudaje sun mutu a ƙarƙashinta birjik. Matar tana zaune a tabarma, kwano a gabanta, ta ɗago tana murmushi ta ce, “Maigida, Allah ya ciyar da mu yau. Na ajiye maka cinya, hantar kawai na ci.” Ya tambaye ta inda ta samo shi. Kafin ta gama ba shi amsa ya ga zufa na tsattsafo mata a goshi, yawu na taruwa a gefen bakinta. Ta dafe ciki ta ce ɗakin yana juya mata, alhali a waje suke.

Ya fita da gudu ba takalmi. Aka samo mota, aka shimfiɗa ta a baya, kanta a kan cinyarsa. Hanyar ba kyau, duk ramin da motar ta faɗa sai jikinta ya sanƙare, haƙoranta su datse. Yana kiran sunanta, sunan da bai taɓa kira a gaban mutane ba, ba ta amsawa. Ya ɗora hannu a kan cikin, ya ji abin da ke ciki yana motsi da ƙarfi kamar mai neman ƙofa, can kuma ya ji shiru. A asibiti likita ya tambayi abin da ta ci, sai a nan, a gaban surukarsa da dattijon nan da suka biyo su, ya buɗe baki ya faɗi abin da ya tura ƙarƙashin shinge. Kwana uku tana tsakanin rai da mutuwa, ran na huɗu ta buɗe ido. Ita ta tashi, amma ɗan bai zo da rai ba, namiji ne, aka binne shi ba a raɗa masa suna ba. Kabejin kuwa ya yi kyau a shekarar, babu zomon da ya sake taɓa shi, ya naɗe manya-manya har ya fashe a lambu, mai shi ya kasa zuwa ya yanka.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira, a rasa ido.