Mahaucin da Ya Daina Ɗanɗana Tsirensa

Zauna tukuna, Tanimu. Ka ce maƙwabcinka ya zo sunan ɗanka, ya cinye tuwo ya ture nama gefe, kai kuma har ka fara gaya wa mutane wai yana zargin ka sa masa wani abu ne a ciki. Kafin ka ƙara gaya wa kowa, bari in ba ka misali.

An yi wani mahauci a wata kasuwar ƙauye, mai tsire, wanda ya gaji tukuba wajen ubansa. Al'adarsa, in ya sauke tsinken farko daga wuta, sai ya yanki ɗan kaɗan ya dangwala a yaji ya jefa baki a gaban kowa, sannan ya miƙa wa mai saye nasa ɗanɗanon. Wannan 'yar lomar ita ce shaidar namansa, shekara da shekaru. Ana nan sai ciwo ya kama shi, ƙafa ta kumbura, kai yana sara. Likita ya auna shi ya ce jininsa ya hau, ya rabu da nama da kitse in yana son ganin jikokinsa. A kwanakin kuma ya je kara sayen dabba, ya tarar an sauko da wata saniya daga mota bayan doguwar tafiya ba ruwa, ƙafarta a karye, ana murɗa mata wutsiya ana jibgarta don ta tashi. Mutumin da ya tsufa yana fiɗa, ranar sai tausayi ya kama shi, nama ya fita ransa gaba ɗaya. Sana'a gado ce, ba shi da wata, ya ci gaba da ita. Amma shi ya koma cin wake da zogale da rama, kuma duk dabbar da zai yanka sai ya shayar da ita, ya shafa mata wuya, ya wasa wuƙarsa inda ba ta gani. Bai gaya wa kowa ba, don tsoron kada 'yan'uwansa mahauta su mai da shi abin dariya, a ce ga kura ta koma cin ciyawa.

To, akwai wani tela da rumfarsa ke kallon tukubar, irin mutanen nan da allura ke hannu ido na kan hanya. Shi ya fara lura lomar nan ta ɓace. Ya ƙirga kasuwa ɗaya, biyu, uku, mahauci yana miƙa wa mutane ɗanɗano, shi ko lasar yatsa ba ya yi. Tsakaninsu bai fi taku goma ba, amma telan nan bai taka ya tambaya ba. Sai ya karkata ga wani da ya kawo ɗinki ya ce, "Ni dai ban ce komai ba, amma mai tuwon da ba ya cin tuwonsa, a leƙa tukunyarsa." Kafin kasuwa ta watse an ce mushe yake gasawa. Kasuwa ta zagayo, mushe ya zama jaki. Wanda ya taɓa ganinsa yana shafa wuyan rago ya ce ai raɗa yake masa a kunne, asiri ne. Wani ya ce akwai wani kwano a rufe ƙarƙashin teburinsa da ba ya bari a taɓa. Mutane suka janye, tsire ya riƙa bushewa a tsinke yana kallo. Da abin ya yi yawa, sarkin pawa ya zo da dattawa biyu ranar kasuwa da hantsi, suka duba fata, suka duba kai da ƙafa, lafiyayyen rago ne, yankan safe. Tela ya ɗaga murya daga bayan taro ya ce a buɗe kwanon. Mahauci ya ɗora hannu a kan murfin, taro ya ɗauki guna-guni. Da aka buɗe, dafaffen wake ne da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Ya zaro katin asibiti daga aljihu, ya faɗi abin da ya ɓoye, kansa a sunkuye kamar wanda aka kama da sata.

Tela, a ba shi haƙƙinsa, ya ji kunya ƙwarai, ya kuma yi nadama. Ya bi rumfa-rumfa yana cewa shi ya fara maganar kuma ƙarya ce. Ya sayi tsire ya tsaya tsakiyar kasuwa yana ci don kowa ya gani. Sai mutane suka kalli juna suka ce an toshe masa baki da nama. Mutanen ƙauyukan da suka tafi gida da labarin jaki kuwa, ba su nan ranar da aka buɗe kwano, kuma babu wanda ya bi su da labarin wake. Kafin damina ta faɗi mahauci ya kwashe tsinkensa ya bar garin. Tela ya ci gaba da zama a rumfarsa, kullum in ya ɗaga kai daga ɗinki sai ya ga awaki kwance a kan tokar tukubar.

To, Tanimu, taku nawa ne daga zaurenka zuwa ƙofar maƙwabcin nan naka? Tashi ka je ka tambaye shi, mai yiwuwa shi ma kwanon wakensa yake ɓoyewa. Abin da ka riga ka faɗa a waje kuwa, sai dai mu roƙi Allah ya taƙaita shi, domin Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.