Mai Haɗa Waya a Gidan Miss Icy

Da hantsi wani mutum ya iso gidan Miss Icilda Blackwood a Spanish Town, da jakar kayan aiki a kafaɗa, ko gaisuwa bai yi ba. Ya wuce ɗakin baya, ya dubi tsohuwar mikisar da marigayi mijinta ya yi shekaru yana haɗa sauti da ita a wuraren rawa, ya ja tsaki.

"Wannan za a jona da kwamfuta? Mama, ki ba kajinki su yi ƙwai a kai."

"Ma'aikaci na ce shagon Mista Hoo su turo mini, ban ce su turo mini baki ba. Haɗa ka kama gabanka."

Miss Icy, kamar yadda unguwa ke kiranta, ba ta da lokacin wasa. Ranar Asabar lasifikan gidan Blackwood za su kara da na Egbert Gayle a filin bakin kasuwa. Wanda jama'a suka yi wa ihu zai kwashe kayansa, filin rawa ya zama na ɗayan. Tun ranar da aka binne mijinta Egbert ya sa wa filin nan ido.

Dokar karon kuwa kowa ya san ta. Waƙar da wani ɓangare ya riga ya sa, ɗayan bai isa ya maimaita ba, in ya maimaita ya faɗi nan take. Shi ya sa ta tsara sabuwa fil, waƙar binne abokin gaba, wadda ko jikokinta ba su taɓa ji ba. Ta ƙi kai ta ɗakunan ɗaukar murya na Kingston, inda magana ba ta kwana. Ta sayi kwamfuta don ta ɗauka a gida, daga ita sai bangon ɗakinta.

Mutumin ya durƙusa bayan teburi yana ƙunƙuni. Ya zaro waya daga bayan mikisar, ya cusa ta a wani ɗan akwati, daga akwatin ya ja wata zuwa kwamfutar. Hannunsa na da sauri. Ya juya fuskar kwamfutar wajen bango, wai hasken taga na damunsa, ya maƙala abin sauraro a kunnuwansa, ya tura mata makirfo.

"Yi magana."

"Ɗaya, biyu."

"Shiru kake ji. Ƙara."

Ta ƙara. Allurar mikisar ta yi tsalle, ta nuna masa da yatsa.

"Allura daban, kwamfuta daban, Mama. Ki bar ni da aikina. Ko dai muryar ce ta ƙare? Dama a gari an ce ta shige tun bara."

"Wa ya ce?"

"Kowa. A wurin aski ma jiya ana cewa Egbert zai tausaya miki, ya kashe ki da wuri ki samu ki koma gida ki shafa man zafi a gwiwa."

Miss Icy ta cire tabarau ta ajiye a hankali. A tsakar gida ƙanshin kifin da ta bari a wuta ya fara komawa ƙauri, ba ta ko waiwaya ba.

"Kai, mai kai kamar kwakwa, lokacin da nake tayar da fili da murya ɗaya, uwarka ba ta yaye ka ba."

"Da kenan. Yanzu me ya rage? Tsofaffin waƙoƙin mijinki da ko a coci an gaji da su?"

Sai ta miƙe. Ta damƙi makirfon, ta buga ƙafa a ƙasa don ta kama kiɗan da ke cikin kanta, ta buɗe baki. Ba ta tsaya kiran sunan gidan Blackwood ba, kamar yadda ake yi a farko in za a ɗauka da gaske, don kada wani gida ya sa waƙar a matsayin tasa. Kai tsaye ta faɗa cikin waƙar, yadda aka auna ramin, yadda aka naɗe wayoyin mamacin aka sa masa a matashi, yadda lasifikansa suka koma akurkin kaji. Muryar nan ta fito da kauri da zafi har gilashin taga yana rawa. Da ta kai ƙololuwa, mutumin ya ɗan yamutsa fuska, ya kai hannu ya sassauta wani maɓalli.

Ta rera ta har ƙarshe, ta tsaya tana haki.

"To, ɗan banza, ta ƙare?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Ba laifi. Amma kwamfuta ba ta ji komai ba. Wayar ce ba irinta ba, sai na koma shago."

Ya tattara kayansa, ya zare wani ɗan abu kamar yatsa daga gefen kwamfutar ya jefa aljihu, ya fice. Ta raka shi da zagi har bakin ƙofa, sannan ta je ta sauke ƙonannen kifinta, zuciyarta fes don ta rufe masa baki.

Ba ta gama kankare tukunya ba aka ƙwanƙwasa. Wata mata ce da rigar shagon Mista Hoo, tana share gumi.

"Ina kwana, Miss Icy. Sunana Sharnette, ni aka turo haɗa miki mikisa. Ki yi haƙuri, mota ce ta lalace mana a hanya."

Matar ta shiga ɗakin, ta bi wayoyin da ido, ta juyo da kwamfutar, ta ɗan ƙwanƙwasa makirfon. Nan take sautin ya zana kansa a fuskar kwamfutar.

"Ai an haɗa, kuma tsaf, ko numfashi kika yi sai ta ɗauka. Amma Miss Icy, yaushe kuka shirya da Egbert, har na ga mai ɗaukar masa sauti ya fito daga gidanki yana gudu?"